Barewar Busasshiyar Gada

Ran Asabar a Tbilisi, a Busasshiyar Gada,
wadda ruwa ya daɗe da yi wa ƙaura ya bar ta da ƙishi,
mutane kan shimfiɗa bargo a ƙasa
su zazzage ɗakunan iyayensu a kai:
cokulan azurfa da suka yi baƙi don kewar baki,
agogon bango da ya ƙi wuce ƙarfe huɗu,
hoton wani ango da babu sauran mai tuna sunansa.

Ni Tsiala, shekara talatin ina koyar da lissafi,
yau duwatsun hanyar nan nake ƙirgawa da ƙafa.
Ba saye ke kawo ni ba. Haka dai nake gaya wa 'yata.

A bargon Ushangi na gan ta,
tsakanin butar shayi da ƙahon shan inabi:
barewar tangaran, ba ta fi tafin hannu ba,
ta naɗe ƙafa ɗaya, ta waiwayo
kamar an kira ta daga wani ɗaki.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin iya zaɓe.
Daga Jamus take, ta girmi kakarki.
Juya ta, ga takubba biyu a gicciye.
Lari ɗari uku, shi ma don ke ce."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na ɗaga ta ga rana, haske ya ƙi ratsawa.
Na ƙwanƙwasa da zobena,
ta amsa a daƙile kamar mai mura,
alhali na asali yakan daɗe yana amo a kunne.
Na lashi yatsa na goga takubban,
shuɗin ya biyo ni.
Tambarin gaske ƙarƙashin ƙyalli yake kwana,
wannan ko mako bai yi ba.

Ya yi dariya har haƙorin zinariya ya leƙo:
"Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Duk da haka ban ajiye ta ba.
Akwai irinta a kan kabad ɗin mahaifiyata,
bisa ƙyallen saƙa, gefen rediyo.
Ina 'yar shida na kayar da ita garin kamun ƙuda,
kunne ya yi gefe.
Baba ya liƙe shi da dare da gam ɗin takalmi,
ya ɗora yatsa a leɓe.
Shekarar da wuta ta ɗauke, sanyi ya hau gado tare da mu,
Inna ta naɗe ta a jarida ta kawo nan,
ta koma da kananzir kwalba biyu da burodi.

Yatsana ya riga idona zuwa kunnen.
Ga tabon, rawaya, a bushe kamar ƙaro.
Gwiwata ta saki, hayaniyar kasuwa ta yi nisa.
Sai na tuna:
tamu kunnen da ke wajen taga ne ya karye, na dama.
Wannan na hagu ne.

Kama da wane ba ta wane.
Ashe injin ɗaya ya haifi dubunsu,
ashe a wani benen wata yarinya ta yi ɓarna,
wani uban ya hana idonsa barci
yana hura gam a hankali kada a ji.

"Sha biyar."
"Albarka."
"Ashirin, kuma ka goge takubban da hannunka."
Ya dube ni, ya dubi barewar,
ya jawo bakin rigarsa.

Yanzu tana bakin tagata, gindinta fari tas.
Nestan ta tambaya ko tana da daraja.
Na ce ajiya ce, mai ita bai zo ba tukuna.
Tawa kuma tana can a hannun wani.
Ina fata idan zai share mata ƙura
yana bin kunnen dama a hankali.