Ɗaya Cikin Goma

A shagon da muka kama a Ƙofar Ƙwaya,
tsakanin mai faci da mai sayar da taya,
ni da Sada muka shekara kan tabarma ɗaya.
Kwamfuta biyu, ɗaya allonta ya tsage,
batirin mota ne fitilarmu in an ɗauke wuta a gari.

Manhaja muka ƙera, 'yar ƙarama:
manomin Batsari ya latsa waya
ya ji kuɗin buhun gero a Charanchi
tun dillali bai tare shi a hanya ba.
Mutum ɗari huɗu da sha ɗaya suka sauke ta.
Riba kuwa, ko kuɗin kati ba su dawo ba. Sai haƙuri.

Ran Talata sai ga baƙo daga Abuja,
Injiniya Bishir, riga mai gajeren hannu.
Bai tambayi ɗan wane ne ni ba,
bai nemi takardar gida ko gona ba.
Cewa ya yi, "Mutum nawa suka dawo a mako na biyu?"
Na haɗiye yawu. Sada ya buɗe lissafi.
Ya bi shi layi-layi kamar mai awon gishiri.

"Miliyan ashirin, kuma ba bashi ba ne.
In kun faɗi, kuɗina sun bi ruwa, ba kotu.
In kun tashi, talatin nawa ne cikin ɗari.
Goma irinku nake ɗauka a shekara:
bakwai kan mutu, biyu su yi ta ɗingishi,
ɗaya ke biyan asarar sauran har da ƙari."

Na taho gida da bakwai ɗin nan a maƙogwaro.
Ina zaton ni kaɗai aka gani,
ashe ƙwaya ce ni cikin tafin mai watsa iri.

Gwaggo Tabawa na tsinkar zogale a tsakar gida.
Ta ji, ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
"Ɗan nan, ai kiwo ne aka sa wa takalmi.
Awakina nawa ne a hannun mutane, Rimi da Tsagero?
In ta haifi biyu, ɗaya nawa, ɗaya nasu.
Wata ta ci leda, wata ɓarawo ya ja,
ban taɓa kai kowa gaban mai gari
ba, don na san da hatsari."

Na ce, to yaya kike zaɓen wanda za ki ba?
"Ba akuyar nake dubawa ba.
Nakan faɗa gidan da hantsi ba su san da zuwana ba,
in leƙa kaskon ruwan kaji.
In ya bushe, mu gaisa, in kama hanya da wuri.
Amma kai ma ka tambaye shi:
igiyar a hannun wa take?
Wani mai akuya kan zo da mahauci
tun 'ya'yan ba su bar nono ba.
Kada ka sa hannu ba nazari."

Da safe na tambaya.
Injiniya ya cire tabarau, ya dube ni sosai,
ya buɗe shafi na tara da kansa.
Muka soke layi biyu,
talatin ta sauko ashirin da biyar.
Biron Sada ya ƙi, ya ƙi, sannan ya rubuta.
Kuɗin suka shigo bayan la'asar,
mai faci na ta dukan taya, bai san labari
ba.

Ba mu yanka kaza ba.
Sola muka saya, muka ɗauki Sahura
wadda ta fi mu iya gyaran manhajar, ba gardama.
Har yau ban san layina ba,
bakwai, ko biyu, ko ɗayan nan.
Ni dai kullum kafin in buɗe shago
sai na duba wanda ya kira jiya ba a amsa masa ba:
kaskona ke nan,
kada mai jari
ya faɗo da hantsi ya tarar ya bushe.