Sikelin Owode

Shekara ashirin da uku ina auna ƙarfe a Owode:
kafaɗar mota, tukunyar da ta huje,
rodin gidan da aka rushe a Ketu.
Na san nauyin tsatsa da ido.
Na san wanda ya ɗura yashi a bututu
tun bai sauke buhunsa ba.
Ban san ina yawo da hajata a jiki ba
sai ranar da jini ya ɓalle wa matar Rasaki mai walda,
muka kwasa a danfo zuwa Idi-Araba.

Nas ta soki yatsana, ta duba,
ta ce, Baba, ƙarfenka ya isa.
Na ce, wa ya gaya miki sana'ata?
Ta ce na cikin jini take nufi.
Leda guda suka ɗiba, ja wur,
da ɗumi kamar kokon safe.

Da dare aka ɗauke wuta a Agege,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
sai ga sama ta buɗe ido, uku, biyar, bakwai,
ta tsakanin wayoyi da tankunan ruwa.
Kubura na kan benci tana fifita da littafi,
ita da nake biya wa karatun Akoka da kuɗin tsatsa.
Na ba ta labarin nas don ta yi dariya.
Ba ta yi ba.
Ta nuna sama da biro, ta ce, can aka ƙera shi.

Ta ce tauraro maƙera ce da Mai Sama ya hura,
tana haɗa ƙananan abubuwa su zama manya:
gawayin tsoka, iskar huhu, allin ƙashi,
tana hawa, tana hawa, har ta iso ƙarfe.
A kan ƙarfe wutar ke ƙin ci.
Sai ta rufta cikin kanta, ta tarwatse,
ta bar gado, babu magaji a kusa.
Ƙurar ta yi ta gantali
shekarun da sikelina ba shi da lambarsu,
ta dunƙule ta zama ƙasa,
ƙasa ta zama dawa a gonarmu ta Rano,
dawa ta zama tuwon Inna,
tuwon ya zama ni.

Na ce, mu an karantar da mu daga ƙasa muke.
Ta ce, ban musa ba, Baba.
Garinsu ƙasar nake gaya maka.

Na ce, to nawa ne a jikina, in an ɗora?
Ta ce, ƙusa guda, 'yar madaidaiciya.
Ƙusa guda!
Allurar sikelina ko gezau ba za ta yi ba.
Amma zare ta, ka ga ƙato ya sulale
kamar buhun da aka kwance wa baki.

Ban yi barci da wuri ba.
Na taɓa haƙorina, na taɓa gwiwa,
na ɗanɗani gishirin gumina,
ina ta gaisawa da matattun fitilu.

Washegari Rasaki ya kira, muryarsa na rawa:
ta tashi, ta sha shayi, yaron na tsotso.
Na tsaya da waya a kunne, ƙafata kan tsohon injin,
ina bin sawun ƙusar nan:
daga wuta zuwa Rano, daga Rano zuwa hannuna,
yanzu ga ta a jijiyar 'yar Ijebu.
Ashe tun fil'azal sana'ar nan take,
ba a yar da komai, sai dai a sake narkawa.

Wani yaro ya turo kura cike da gwangwani,
ya ce, Alhaji, duba da kyau, kar ka danne ni.
Na duba shi da kyau, har ya tsargu.

A hanyar gida ɗan tasha ya buga ƙofar mota,
ya ƙare mini kallo, ya ce, kai daga ina?
Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya,
sai na ga layin ya yi tsawo, ana ta oda.
Na ce, Rano.