Rufin Aji Uku

Rufin aji uku yana yoyo tun bara.
Mun kai kuka Guri, an ce a jira kasafi.
Ranar Talata hadari ya taso daga gabas
ina tsakar koyar da haruffa masu lanƙwasa.
Ɗis, a kan rajista.
Ɗis, a ƙeyar Ilu.
Muka ja benci gefe, muka tara kwanon sha.

Akwai yaro a ƙarshen layi, Giɗaɗo,
wata biyu ban ji komai daga bakinsa ba sai "na'am".
Ran da ya fara magana Hausarsa ta karkace,
aji ya kwashe da dariya, ban tsawata ba.
Laifina ne wannan, ga shi na rubuta.

Ina kallon kwano yana cika
sai na ji bakina yana tambayar
abin da babu shi a manhaja:
"Wannan da ke ɗiga, me ake ce masa a gidanku?"

"Ruwa mana, Malama!" in ji Hansai,
kamar na tambaye ta sunan babanta.
Kellu ta kare baki da gefen hijabi, ta ce, "Nji."
Chidera, ɗan mai gyaran injin ban-ruwa,
ya miƙe kamar kurtu: "Mmiri!"
Sai shiru. Ɗis. Ɗis.
Can baya, ƙasa-ƙasa: "Ndiyam."

Na gwada faɗa,
harshena ya yi tuntuɓe tun a bakin ƙofa.
Giɗaɗo ya girgiza kai, ya maimaita a hankali
yadda ake lallashin maraƙi.
Sau huɗu yana gyara mini.
A na biyar ya ce, "Yawwa, Malama."
Aka sake dariya, wannan karon ni ake yi wa.
Na bar su har ta ishe su.

Hansai kaɗai ta tafi gida da kumburin fuska,
wai kowa yana da yare, ita Hausa kawai gare ta.
Na ce, "Tambayi kakarki."
Washegari ta shigo tana haki, tana ƙirga a yatsu:
yayyafi, tsattsafi, marka, mamako.
"Malama, ashe namu ruwan ma kala-kala ne."

Hedimasta ya leƙo ya ga allo cike.
"Wannan zai fito a jarrabawa?"
Na ce a'a.
Ya daɗe tsaye, hannu a baya,
sannan ya karɓi allin daga hannuna
ya ƙara kalma ɗaya a ƙasa, ƙanƙanuwa.
"Haka mahaifiyata take cewa. 'Yar Bade ce."
Shekara tara muna aiki tare, ban sani ba.

Rufin yana nan yana yoyo.
Mai goge allo kullum da safe
yakan zagaye wannan kusurwar,
kuma ba ni na sa shi ba.