Ƙarshen Layi

A Ƙaura jirgi ke tuƙewa,
nan dogo ya ƙare, babu gaba.
Nan kakana ya sauke akwatinsa,
Ekpenyong mai duba ƙafar jirgi, mutumin Kalaba,
guduma a hannu, littafin waƙa a aljihu.

Su bakwai ne ran Lahadin farko,
gindin tsamiya, bayan shagon awon gyaɗa.
Babu fasto. Suka dubi juna,
suka ɗaga hannu, suka fid da dattawa biyu,
don a ɗariƙarsu haka abin yake:
ba mai hawa kujera sai jama'a ta ce to.

Ƙararrawarsu guntun ƙarfen dogo ce
da aka rataye a reshe.
Har yau ita ce.
Muryarta ta dushe kamar ta tsohuwa mai mura,
amma ko awakin unguwa sun san ta.

Shekara uku suna kwaɓa ƙasa bayan an tashi aiki.
Uduma mai kanti ya ba da kwanon rufi bashi,
ya kuma manta hanyar zuwa karɓa.
Ranar da aka kafa ƙyaure kakata ta haihu.
Sunan uwata ne na huɗu a rajista,
Nkoyo, tawada ta ɗan malale a kan wasalin ƙarshe.

Sai shekarar gudu ta zo.
Ba zan faɗi abin da aka gani a tasha ba,
ni ma ba a faɗa mini duka ba.
Da asuba kakana ya buga wa Barmo tela ƙofa,
ya miƙa masa makulli, baki ya ƙi buɗuwa.
Barmo ya ce, "Je ka, Allah ya tsare."

Shekara huɗu makullin na kwance
a aljihun keken ɗinki, tsakanin alli da allura.
In damina ta kawo kai ya hau ya toshe yoyo,
ya kori jemagu, ya ja ƙofa,
ya wuce masallaci kafin a ta da sahu.
Wani dillali ya so ya zuba buhuna a ciki.
Barmo bai ko ɗago daga ɗinki ba:
"Ɗakin yana da masu shi."

Cikin arba'in, uku suka dawo.
Kakana ba ya ciki.
Kakata ta karɓi makulli ta ce na gode,
ta share bencina ɗaya bayan ɗaya,
har da waɗanda ta san ba mai zama.

Aka zauna kuwa.
Tsofaffin soja daga Zuru, da wata nas, Rifkatu,
da malamin lissafi mai barci lokacin wa'azi.
Waƙa ta koma Hausa, ba wanda ya yi shela.
Rigimar ganga ce ta kusa raba mu:
dattawa suka zauna har fitila ta shanye kananzir,
biyar suka yarda, huɗu suka ƙi.
Baba Kalu ya yi fushi wata bakwai,
ran Kirsimeti sai ga shi a bencin baya,
fuska a murtuke, ƙafa tana bin kiɗa.

Yanzu jirgi ya daina zuwa.
Ciyawa ta ci layi, yara na kiwo a tasha.
Mu goma sha tara ne, in an ƙirga jarirai.
Fasto kan zo daga Gusau sau ɗaya a wata,
in hanya ta yi lafiya.
In ba ta yi ba, ni ke karanta Zabura,
Istifanus ya ja addu'a, ya yi ta ja.

Rajista tana hannuna.
Jiya na rubuta suna na ɗari shida da biyu,
na hura tawada ta bushe,
na ƙirga shafin da ya rage: goma sha ɗaya.
Daga nan na bi ta shagon jikan Barmo
in ji ko ya gama labulen bagade.
Ya ce in dawo Alhamis.