Lissafin Mai Fito

Barira ta tashi daga Njamena ranar Talata.
Ina tsakiyar kogi da buhun albasa shida
da wata tsohuwa mai tsoron ruwa,
jirginsu ya bi ta kanmu.
Na ɗaga filafili sama.
Ban sani ba ko taga ta samu.

Awa huɗu zuwa Habasha, in ji takardarta,
a zauna a jira,
sannan awa goma da wani abu
zuwa garin da ake kira Gwanju.
Kafin kanya ta nuna a bakina
har ta isa.

Washegari da la'asar ta bugo waya.
Baba, a nan dare ya raba.
Na dubi rana, tana nan daram a kan Kuseri,
ko karkata ba ta gama ba.
Wato awa bakwai aka yanke mata a hanya,
babu wanda ya ba ta rasit.

Kilomita dubu goma, har da ɗoriya.
Jikana Iliya ne ya faɗa,
yana kwance a gindin jirgina da littafin makaranta.
Na ce, ni dai tafiyata daga wannan gaɓa
zuwa waccan ce,
ko goro ban gama taunawa.

Sai yaron ya tashi zaune.
Sau nawa kake hayewa a yini?
Na ce ashirin, in kasuwa ta ci.
Shekara nawa?
Tun kafin a haifi uwarka,
tun ruwa na kai wa gindin tsamiyar can.

Ya lashi fensir, ya rubuta, ya goge,
ya sake rubutawa.
Kaka, ka je Sin sau bakwai.

Dariya ta kusa kifar da mu.
Sau bakwai!
Ni da ban taɓa wuce Marwa ba,
ni da dorina ta fi jami'in kwastan sanina.
Ina tsarabata?
Ya nuna kantar da ke tafin hannuna.

Yanzu in dare ya yi ina lissafi da kaina.
Ita ta tafi sau ɗaya, ta yi nisa.
Ni na tafi sau bakwai, kullum a gida nake cin tuwo.
Nata jirgi, nawa jirgi,
suna ɗaya aka raɗa musu,
amma nata ba ya jin nauyin kowa,
nawa kuwa ya san wanda ya rame.

Asabar mai zuwa za ta dawo,
an ce za a mayar mata da awanninta bakwai.
Na ce kada ta bi ta gada.
Ta sauko bakin ruwa da jakunkunanta,
in ƙarasa mata tafiyar.
Minti goma ne.
Zan yi tuƙi a hankali.