Allurar Geji

Asubar Talata a Runjin Sambo,
na murɗa famfon zafi don alwalar Baba.
Ya yi tari sau biyu kamar tsohon babur,
ya tofo ruwa cokali uku, ya yi gum.

Na zaga bayan ɗakin girki
inda farar tukunyar take rataye a bango,
wadda ya saya da kuɗin sallamarsa
shekarar da ya ajiye aikin ruwa.
Allurar gejinta ta kwanta ƙasa da ɗaya,
ta jingina da jan layi
kamar ɗalibar da barci ya sace a aji.

Na kira Cika mai gyaran famfo.
Ya ce yana Illela, sai jibi, in Allah ya so.

Daga ɗaki muryar Baba ta taso:
"Luba, mi ya hwaru?"
Shekara uku ke nan idanunsa sun rufe,
amma kunnen da ya yi shekara talatin da ɗaya
yana sauraron bututun garin nan a ƙarƙashin ƙasa
bai yi ritaya ba.

"Ruwa ba su ɓace ba, ɗiyata,
ƙarhi suka rasa. Kashe wuta tukun.
Bari ta huce. Ba a yi wa mai hushi magani."

Na jira har ladanin masallacin kwana ya tayar da salla,
har bayan hannuna ya iya zama a jikin ƙarfen.

"Duƙa. Laluba ƙarƙashi.
Akwai wani bututu mai lanƙwasa, wuyan zalɓe,
da 'yan makunnai biyu baƙaƙe.
Buɗe na hwari duka.
Na biyun, kamar kina buɗe ƙohwar ɗakin jinjiri."

Na buɗe.
Wani siririn sauti ya shiga bango,
irin na gero in ana zuba shi a ƙwarya daga nesa.
Allurar ta motsa. Ta ɗaga kai.
Ta bar ja, ta taka ɗaya,
ni kuwa na shagala da kallonta
yadda ake kallon yaro ranar da ya fara tafiya,
har ta wuce ɗaya da rabi, ta doshi biyu.

"Kin zarce!" in ji shi, daga kan gado,
bango biyu tsakaninmu.
Ban tambaye shi yadda ya sani ba.
Na rufe da sauri, hannuna na rawa.

Ya sa na ɗauko ɗan makulli
a gwangwanin madara, cikin tsoffin kusoshi.
Na sassauta kan bututun banɗaki.
Iska ta fito da huci, doguwa,
kamar ajiyar zuciyar da aka daɗe ana riƙewa,
sai ruwa ya biyo ta, ya jiƙa min hannun riga.
Allurar ta dawo ta zauna inda ake so.

Na ce an gama. Ya yi dariya har da tari.
"Ruwa ba su hita sai da ƙohwa. Nemo ta."

Na bi layin da yatsa, gaɓa bayan gaɓa,
har na tarar da wani koren tabo a bayan buhun gawayi,
ɗigo ɗaya, sai an ƙirga ashirin kafin na biyu.
Robar ta cinye, ta zama kamar ɓawon albasa.
Na yanko wata daga tsohon tayar keken Modi,
ta ɗan karkace, amma ta riƙe.

Da na kai masa buta,
ya tara tafin hannu, ya yi shiru,
tururi na hawa gemunsa.
Bai ce madalla ba.
Ya ce, "Akwai fensir bisa tagar can."

A bangon, gefen tukunyar,
na ga jerin kwanan wata da rubutunsa,
kowanne da lamba a gabansa,
na ƙarshen ya hau kan na samansa,
lokacin da hasken ya fara guje masa.

Na rubuta tawa a ƙasa:
Talata, ɗaya da rabi.
Bakin fensirin ya karye a kan rabin.