Tambayar Safiya a Lisbon

Kullum da wucewar taragon farko
tsoho Custódio kan buɗe kwamfuta,
ya jefa wa abokan ritaya tambaya ɗaya.
Ta yau: wace shekara ƙasa ta girgiza,
teku ya hau titi, wuta ta lashe saura?

Bai kai aya ba, allo ya daskare.
Linzami ya cije kamar jakin da ya hango rami.
Ya kashe, ya kunna.
Aka nemi kalmar sirri:
mai haddar sarakuna talatin
ya manta sunan kyanwarsa.

Rediyo na ta kukan tsadar haya.
Jikarsa Benedita ta leƙo:
"Kaka, batir ne ya mutu."

Gahawa ta huce.
Garin da ya taɓa rushewa
na tsaye a taga, bai ce komai ba.